Ranar da Zambezi ya ci hular Alhaji

Alhaji ne ya buga mini ƙofa tun kafin assalatu. "Malam, ka tashi kuwa? Jirgi fa ba motar tasha ba ce da za a jira ta cika." Na buɗe na gan shi cikin farar shadda, ta sha sitaci da bugu, in ya motsa har ƙara take yi, ga hula zanna bukar an kafa ta a goshi. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, wurin ruwa fa za mu." Ya ce, "To wanka aka ce maka zan yi? Kallo zan je." Na ja bakina na yi shiru. Tsohon shugabana ne a wurin aiki, ya yi ritaya amma har yanzu ba a taro kan noman rani ba a gayyace shi ba.

Taron ne ma ya kai mu Lusaka, babban birnin Zambiya. Kwana huɗu muna zaune a ɗaki mai sanyi ana haska mana hotunan madatsun ruwa a bango. An tashi ranar Juma'a, jirginmu na komawa gida kuwa sai Litinin. Wani ɗan ƙasar da muka saba da shi a wurin ya ce mana duk wanda ya zo Zambiya a watan Afrilu ya koma bai ga Mosi-oa-Tunya, inda kogin Zambezi ke faɗawa rami, ba, to otal kawai ya zo gani. Daga Lusaka zuwa garin Livingstone kusan kilomita 480 ne, bas yakan cinye sa'a bakwai a hanya. Jirgi kuwa sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Muka duba aljihu, muka duba bayan Alhaji da ba ya son dogon zama, muka sayi tikitin jirgi.

A hanyar filin jirgi Alhaji ya zauna gaba, kuma duk motar da ta taho sai in ga ya danna ƙafa a ƙasa yana neman birkin da babu. Su a hannun hagu suke tuƙi. Da na yi masa dariya ya ce in bari, shi ya ga zamanin da mu ma haka muke, yana firamare aka sauya a 1972, har waƙar faɗakarwa ake sa musu a rediyo. Gari da ɗan sanyi, don Lusaka a kan tudu take, kuma damina ce ke bankwana a wannan ɓangaren duniya. Na tuna yadda na baro Kano kwana biyar da suka wuce: bazara ta kai intaha, ana kwana a tsakar gida, 'yan garuwa suna yanga da kurarsu kamar masu sayar da zinare.

Filin jirgin na ɗauke da sunan Kenneth Kaunda, shugaban da ya karɓi 'yancin ƙasar a 1964. Mun zauna sama da sa'a guda bayan lokacin da aka rubuta a tikiti, babu wanda ya ce mana komai, mu ma ba mu tambaya ba. Wanda ya saba da filayen jirginmu ba ya kiran wannan jinkiri. Da aka kira mu sai muka taka da ƙafa zuwa wani ɗan jirgi mai farfela biyu, wanda bai fi cin mutum 30 ba. Alhaji ya tsaya a gindin matakala ya ƙare masa kallo, ya karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi yadda har ma'aikaciyar jirgin ta ji, sannan ya sunkuya ya shiga yana dafe da hula.

Ƙaramin jirgi yana da wani alheri da babba ba shi da shi, ba ya nisa da ƙasa. Kana ganin komai. Ba mu daɗe da tashi ba kogin Kafue ya bayyana yana lanƙwasa cikin fadamarsa kamar macijin da ya ƙoshi, ruwa ya malale ko'ina yana walƙiya. Can gaba sai gonakin rake na yankin Mazabuka, wasunsu da'ira-da'ira koraye shar, irin waɗanda dogon bututu mai taya ke zagayawa yana yi musu feshi. Ni da Alhaji muka manne a taga muna gardamar hekta nawa kowace da'ira za ta yi. Sauran fasinjojin, yawancinsu Turawa masu gajeren wando, barci suke yi. Daga nan sai daji, daji kawai, da jar hanya jefi-jefi da 'yan ƙauyuka masu rufin ciyawa.

Jirgi ya fara sauka ke nan Alhaji ya taɓo ni. "Malam, dubi can, an sa wa daji wuta." Na leƙa. Can nesa ta hagu, a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da babu dutse babu tudu, wani farin hayaƙi ne ya tashi ya tsaya a sama, dogo a kwance, kamar an ja layi an cinna masa wuta. Amma wa ke ƙona daji a ƙarshen damina, ciyawa ɗanya? Kuma hayaƙin gobara yakan yi duhu, wannan kuwa fari ne fat kamar auduga. Wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke kujerar gabanmu ta juyo tana murmushi ta ce mana ai shi ne abin da muka zo gani. Ruwa ne. Feshinsa ne ke tashi sama da mita 400, kuma idan kogin ya cika ana hango shi daga nisan kusan kilomita 50. Sunan Mosi-oa-Tunya da mutanen wurin suka ba shi, ma'anarsa hayaƙi mai tsawa. Ban san lokacin ba, amma wannan leƙen ta tagar jirgi shi ne gani mafi kyau da zan yi masa a ranar gaba ɗaya.

Direban tasin da ya ɗauke mu daga filin jirgin Livingstone mutum ne mai surutu, Batonge, wato ɗan ƙabilar Tonga. Da ya ji daga Najeriya muke sai ya fara lissafo mana 'yan ƙwallo, da ya ga ba mu da kuzari a nan sai ya koma kan wutar lantarki, ya kuwa same mu. Ya ce a farin da aka yi a 2024 ruwan madatsar Kariba ya ja baya har ana ɗauke musu wuta fiye da sa'a 20 a rana, masu walda da masu aski suka koma aikin dare. Alhaji ya gyara zama, ya ji an zo fagensa, suka yi ta jajanta wa juna kamar waɗanda suka haɗu a gidan makoki. Garin kansa ƙarami ne, mai tsoffin gine-ginen zamanin Turawa masu baranda. Shi ne hedikwatar mulkin mallaka ta Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiyar yau, daga 1911 har zuwa 1935 da aka mayar Lusaka. Daga garin zuwa bakin ruwa kilomita 10 ne, kuma a hanya akwai allunan gargaɗi cewa giwaye na tsallakawa.

Tun kafin mu fito daga mota muka fara jin sa. Ba ƙara ba ce irin wadda kunne ke kamawa kawai, gurnani ne da ke shigowa ta tafin ƙafa, kamar ana tafiya da tirela dubu a ƙarƙashin ƙasa. A bakin ƙofa gwaggon birai sun baje a kan hanya, ko gezau. Direba ya ce kada mu riƙe leda a hannu, su a wurinsu duk leda abinci ce. Muka biya kuɗin shiga da dala. Wasu samari suna ba da hayar rigunan ruwa da silifas, na karɓi riga har biyu na ɗora, na cusa fasfo da waya cikin leda na ƙulle na tura cikin aljihun ciki. Alhaji ya ɗaga wata koriyar rigar da yatsa biyu, ya sansana, ya mayar. Ya ce shi lema za ta ishe shi. Yaron da ke ba da hayar ya dube ni, na dube shi.

Akwai mutum-mutumin David Livingstone a ciki, Baturen Sikotland ɗin da aka ce shi ya gano wurin ranar 16 ga Nuwamba, 1855, ya kuma raɗa masa sunan sarauniyarsu Biktoriya. A kwalekwalen mutanen Makololo aka kawo shi, sarkinsu Sekeletu ne ya ba shi mutane da guzuri, su suka tuƙa shi har tsibirin da ke leɓen ruwan suka ce leƙa ka gani. Na tsaya gabansa ina tuna malaminmu na aji huɗu da bulalarsa: wa ya gano kogin Neja? Mu amsa baki ɗaya, Mungo Park! Alhali kakannin Sarkawa da mutanen Yawuri da Busa sun tsufa suna kamun kifi a cikinsa. Amma dai a ba kowa haƙƙinsa, mutanen nan ba su riƙe Livingstone da zafi ba, saboda yaƙin da ya yi da cinikin bayi. Bayan 'yancin kai an sauya sunayen garuruwan Turawa da dama, nasa aka bar shi. A ƙasar ma ya mutu a 1873, an binne zuciyarsa a nan, barorinsa suka ɗauki gawar a kafaɗa har bakin teku.

Mu da Hausa mukan ce matsirga, kamar Matsirga ta Kafanchan. Na je Gurara, na kuma taɓa hawa har Farin Ruwa a Jihar Nasarawa, wadda ake cewa ta fi wannan tsayi, kuma ban musa ba. Sai dai kalmar matsirga ta yi wa abin nan kaɗan. Buta ce ke tsirga ruwa. Nan kogi ne sukutum, faɗinsa mita 1,708, yana tafe a shimfiɗe cikin natsuwa da tsibirai da bishiyoyin giginya a bakinsa, sai kawai ƙasa ta ƙare masa. Ya rufta cikin wani tsagi mai zurfin mita 108 a inda ya fi zurfi. Ba daga kan dutse yake zubowa kana ƙasa kana ɗaga kai ba. Kai da kogin a tsayi ɗaya kuke, kana tsaye a ɗaya leɓen tsagin kuna fuskantar juna, shi yana faɗawa rami a gabanka.

A wurin tsayawa na farko mun ga gefen gabas sosai, ruwa ruwan ƙasa-ƙasa daga sama, yana komawa fari tun bai kai rabi ba. Alhaji ya buɗe lema yana ta "Subhanallah". Daga nan hanya ta shiga cikin wani kurmi mai duhu, bishiyoyi na ɗiga, gansakuka ta rufe duwatsu. Wannan kurmin feshin ne kaɗai ke raya shi, kana fita daga inda feshin ke kaiwa sai ka koma busasshen daji. Muna tafe yayyafi ya zama ruwa, ruwa ya zama kamar da bakin ƙwarya, alhali sama tangaran take, rana na haskawa.

Sai ga gadar da suke kira Bakin Wuƙa. Siririya ce, ta masu tafiya a ƙafa, an ɗora ta daga wannan tsauni zuwa wancan, rami hagu rami dama. A nan na gane abin da yaron mai hayar riguna ya sani. Ruwan ba daga sama yake zuwa ba. Iskar da faɗuwar kogin ke turowa ce ke cillo shi daga ƙasa, ya shigo ta ƙafar wando, ta hannun riga, ta hanci. Ba ka iya buɗe ido sosai. Ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Matsirgar da ka biya kuɗin jirgi don ka gani tana nan gabanka, 'yan mitoci kaɗan, amma babu abin da kake gani sai fari. Jefi-jefi iska takan yaye hayaƙin na daƙiƙa biyu ko uku, sai bangon ruwa ya bayyana, ya fi duk yadda ka zata girma da kusa, kafin ka ce wani abu an sake rufewa. Na duba ƙasa ta gefen gadar, sai ga bakan gizo a ƙarƙashin ƙafata, kusan zagayayye. Tunda nake ban taɓa sunkuyawa don in kalli bakan gizo ba.

Lemar Alhaji ta yi daƙiƙa kamar biyar a kan gadar kafin ta juye ta koma kwando. Ya sa hannu biyu yana kokawa da ita, kai ya zama babu mai tsaro. Ina kallo hular ta ɗaga, ta yi sama abinta kamar an kira ta, ta juya sau biyu cikin hayaƙin, ta tafi. Ya dafe kai, ya buɗe baki yana faɗin wani abu da ban ji ba, kuma ina ganin gara da ban ji ba. Da muka ƙetare muka sami inda ruwan ya lafa, shaddar nan ta manne masa a jiki, sitaci na gangarowa fari-fari ta gefen takalmi. Ya dube ni, na yi iya ƙoƙarina. Shi ya fara fashewa da dariya, sannan na samu izini.

Muka zauna kan wani dutse a rana muna shanya. Hali zanen dutse, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna ruwa a kanal ba ya ganin ruwa ya ƙyale. Alhaji ya ce in fito da waya mu yi lissafi. A matsakaicin shekara, abin da ke zuba a nan ya ɗan haura lita miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Jarka mai lita 25, ya zama jarka sama da 43,000. Kurar ɗan garuwa mai jarka 12, kura wajen 3,600 ke nan, kafin ka ƙifta ido. Muka ɗauko madatsar Tiga, wadda ke cin ruwa kusan kubik mita biliyan 2, muka raba: mako uku zai cika ta daga busasshiyar ƙasa. Wannan kuma matsakaici ne, a Afrilu ya ninka haka. Alhaji ya yi shiru yana kallon hayaƙin, can ya ce, "Malam, a ba ni na kwana ɗaya kawai in kai Kadawa." Mutanen wurin sun ce da mun zo a Oktoba ko Nuwamba da mun tarar da wannan gefen na Zambiya kusan dutse tsirara, har mutane na takawa ta saman leɓen.

Duk wannan ruwan ta wata 'yar ƙofa guda yake fita, wadda faɗinta bai wuce mita 110 ba, ya faɗa wani gurbi da yake juyawa yana tafasa, suna kiransa Tukunya. Daga nan ya bi wasu kwazazzabai masu zurfi da suka yi gwame-gwame, ya yi gabas ya dawo yamma ya sake komawa. Kowane ɗaya daga cikinsu a da can shi ne matsirgar. Dutsen wurin baƙi ne, na aman wuta, yana da tsage-tsage da laka mai taushi ta cike, kogin yakan rarake tsagi ɗaya ya zauna a kansa dubban shekaru, sannan ya sami na bayansa ya koma. Wato abin yana ja da baya ne a hankali, kuma an ce ya riga ya fara cin sabon wuri a can gefen Zimbabwe.

Gefen Zimbabwe ɗin ne ba mu samu zuwa ba, ko da yake daga can aka fi ganin tsakiyar ruwan. Bizarmu ta shiga sau ɗaya ce, in mun fita mun fita ke nan. Akwai wata biza ta haɗin gwiwa ta dala 50 da ke ba mutum damar zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, Turawan da muka zo da su a jirgi da ita suke yawo, amma koren fasfonmu ba ya cikin jerin. Abin da muka samu shi ne 'yar takardar izinin hawa babbar gadar da ta haɗa ƙasashen, a je tsakiya a dawo.

Gadar ƙarfe ce, an ƙera ta a Ingila aka kawo ta gunduwa-gunduwa, aka gama haɗa ta a 1905. Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingila a yankin, shi ne ya so a gina ta a daidai nan, don feshin ruwa ya riƙa sauka a kan taragun jirgin ƙasan da ya yi mafarkin zai tashi daga Kef ta Afirka ta Kudu har Alƙahira. Ya mutu a 1902, bai taɓa ganin wurin ba, layin dogon ma bai kai Alƙahira ba. Yau manyan motoci ne ke hawa ɗaya bayan ɗaya, da mata masu ɗauke da kaya a ka, da masu kekuna da suka labta buhuna har ba a ganin sirdi. A tsakiya wasu ke ɗaura wa mutane igiya a ƙafa suna faɗawa ƙasa, mita 111, kai a ƙasa. Muka tsaya muka ga wata yarinya ta yi kururuwa ta tafi. Alhaji ya tambaye ni nawa ake biyanta. Na ce ita ce ke biya. Ya ce mu tafi.

Ba mu yi taku goma ba masu talla suka rufe mu. Ɗaya yana tura mini abin wuya na katako mai siffar maciji, wai Nyami Nyami ne, dodon kogin a wurin Tonga. Wani kuma ya zaro tsohuwar takardar kuɗin Zimbabwe ta dala tiriliyan 100, ɗaya da sifili 14, daga zamanin da kuɗinsu ya lalace. Na saya don in nuna wa yara. Alhaji ya karɓa ya ƙirga sifilan da yatsa har sau biyu, ya miƙo mini ya ce, "Allah Ya raba naira da wannan rana." Na ce amin da gaske.

Azahar da La'asar muka haɗa muka yi ƙasaru a ƙarƙashin wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci. Alhaji ya shimfiɗa darduma ya fuskanci inda rana ta fito, na duba waya na ce masa alƙibla tana arewa, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Ya ce a kawo wayar ya gani da idonsa. Mu da muka tashi muna ce wa alƙibla gabas, sai ga shi mun ba gabas kafaɗa muna salla, direba na tsaye da sanda yana kore mana birai daga takalma.

A gari muka ci abinci, nshima, wato tuwon masara ne fari sol, da hannu ake ci kamar a gida. Muka zaɓi kifi don mu huta da tambayar wa ya yanka, aka haɗo mana da wani ganye da aka dafa da gyaɗa, ifisashi, ɗan'uwan miyar taushe. Ba yaji ko kaɗan. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da ƙullin yajinsa a leda, shi kaɗai ne abin da ya tsira a jikinsa bai jiƙe ba. Na koyi kalma ɗaya ta Tonga a wurin mai abincin, twalumba, na gode.

Da daddare a masauki na tura wa maman yara hotuna. Ta kira ta ce, "Abban Ummi, wannan ai hazon hunturu ne ka ɗauko mana. Ina ruwan?" Na duba, gaskiyarta, hoto wajen 40 duk fari, sai guda ɗaya da na ɗauka ta tagar jirgi. Ta ce famfo dai yau kwana shida, kuma mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Na ce ta sayi kura ɗaya kafin in dawo.

Ina ajiye waya Alhaji ya shigo da tawul ɗin otal a ka, ya ce in buɗe masa taswira. Muka bi kogin da yatsa: kwazazzabon Batoka, tafkin Kariba, in hular ta tsallake injinan wuta sai Cahora Bassa a Mozambik, daga nan Tekun Indiya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a Maiduguri ya saye ta, wata uku mai ɗinkin ya yi a kanta. Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Malam, in ka zo rubuta lissafin kuɗin tafiya, ka saka ta a ƙarƙashin sufuri."